“Malam, a taƙaita mana”

Jama'a, barkanmu da warhaka.

Akwai wata 'yar jimla da ta zama ruwan dare a duk inda Hausawa suke kafsa muhawara ta waya. Mutum zai zauna ya tsara bayaninsa, sakin layi huɗu ko biyar, ga hujja ga misali, kafin ya ajiye wayar wani ya faɗo: “Malam, a taƙaita mana.” Wani ma ba ya tsayawa roƙo, sai dai ya ce, “Wa zai karanta wannan jaridar?” A bi shi da 'yan fuskokin dariya, shi ke nan an kashe maganar. Wanda kuwa ya jefo kalma uku, ko da ba a san inda suka dosa ba, shi ake ɗauka gwani, wai ya iya dunƙule zance.

Ban zo kare masu dogon surutu ba. Za mu zo kansu, kuma ba za su ji da daɗi ba. Amma ina ganin masu kiran a taƙaita ba su lura da wani hali na rubutun Hausar boko ba, halin da ya sa gajartawa take yi mana tsada fiye da yadda muke zato. Bari in fara da abin da ya faru a gabana.

A wani zaurenmu na WhatsApp, na tsofaffin 'yan aji, aka yanka wa kowa kuɗin gudummawa saboda wani abokinmu da ke kwance a asibiti. Ma'aji yana ta bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai wani daga cikinmu ya tambaya ko sunansa yana cikin waɗanda ake bi. Ma'aji ya ba shi amsa da kalma biyu: “Ka biya.” Ai kuwa mutumin nan ya hau dokin zuciya. Ya turo hoton rasit, ya ce shi ba a taɓa yi masa cin fuska irin wannan ba, tun ran Talata ya tura kuɗinsa amma ana ba shi umarni a gaban mutane kamar yaro. Ma'aji ya rasa laifin da ya yi. Abin da yake nufi shi ne, ai ka riga ka biya, babu abin da ake bin ka. Sai da aka kira kowannensu aka ba shi baki, kuma har yau gaisuwar tasu sama-sama ce.

To, ku furta jimlar nan da bakinku ku ji. Idan aka ja wasalin “ka” da karin sama, labari ake bayarwa, an biya an gama. Idan aka gajarce shi da karin ƙasa, umarni ne, je ka biya. Akwai ta uku, a ja wasalin da karin faɗau, murya ta taso daga sama ta sauko, wannan kuma gargaɗi ne, wato ko ba daɗe ko ba jima sai ka biya. Ga ta huɗu, gajeren wasali da karin sama, irin wadda muke ji a cikin “jiya ka biya” ko “kuɗin da ka biya”. A baki abu huɗu ne, kunnen Bahaushe ba ya taɓa haɗa su. A rubuce kuwa harafi biyu ne kacal, k da a.

Abin sha'awa, ba duka wakilan suna ne suke da wannan matsala ba. In da mu ake magana, rubutu ya raba mana gardama: mun biya, muka biya, mu biya, ma biya. In da mace ake, haka nan: kin, kika, ki, kya. Amma “ka” da “ya” da “ta” sai suka taru a riga ɗaya. Su ne kuwa muka fi amfani da su wajen muhawara, don kullum ko da wani kake magana ko a kan wani kake magana. Ku ɗauki “Ka yi ƙoƙari”, wadda muke gani kullum a ƙarƙashin rubutun ɗalibai. Yabo ne, ko cewa ake bai isa ba a ƙara himma? “Ka yi haƙuri” fa, lallashi ne ko shaida ce ake yi wa mutum cewa ya jure? Na sha ganin ɗalibi ya amsa da “na gode” alhali gyara ake yi masa, na kuma ga wanda ya yi fushi alhali yaba masa aka yi.

A nan sai in ɗan sara wa Sakkwatawa. Su a karin harshensu rubutu ma yana iya nuna bambancin: “ya tafi” daban, “yat tafi” daban, “shi tafi” daban. Mu masu bin daidaitacciyar Hausa mu ne muka tara ƙwanmu a kwando ɗaya.

Wannan abu ba kuskuren 'yan waya ba ne, haka aka gina rubutun. Tun ɗan littafin ƙa'idojin rubutun Hausa da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa taron Bamako na 1966 da waɗanda suka biyo baya, rubutun yau da kullum bai ɗauki nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Sai ka buɗe ƙamus irin na Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 sannan za ka ga an nuna su, saboda mai koyo. Ajami ma ya ɗan fi boko a wannan gefen, don shi yana nuna dogon wasali, ko da yake shi ma bai kula karin sauti ba. Ban ce a koma ana ɗora wa kowace kalma alamomi ba. Da an yi haka da rubutun ya yi wa mutane nauyi, kuma shekara da shekaru muna karanta jarida da littafi ba tare da mun ɓata ba.

Tambayar ita ce, me ya sa ba ma ɓata? Saboda maƙwabta. Kalmar Hausa a rubuce maƙwabtanta ne suke ba da shaidarta. In ka ga “gari” ita kaɗai ba ka san ko na zama ba ne ko na tuwo. Da zarar ka ga “kwano biyu” ko “ya waye” a gefenta, magana ta ƙare. “Fari” launi ne, ko rashin ruwan sama, ko na ɗan fari? Sai an ga da wa take tafe. “Kuka” na hawaye ne ko na miya? Haka nan. Mai karatu yana zuba wa rubutu muryar da aka cire masa, kuma daga sauran kalmomin yake gane wace murya zai zuba. Shi ya sa mai karanta labarai a rediyo yake bin takardarsa tun kafin a buɗe masa makirfo, kada ya je tsakiyar jimla ya tarar ya ɗauko ta da karin da ba nata ba.

Ke nan duk kalmar da ka yanke don a ce ka taƙaita, shaida ɗaya ka kora daga kotu. Wani lokaci shaidun da suka rage sun isa. Wani lokaci kuwa wanda ka kora shi kaɗai ne ya san gaskiyar zancen. Da ma'ajinmu ya ƙara “ai” a gaba, ko “tun tuni” a baya, da babu abin da ya faru.

Wannan fa duk a kan wanda ya bi ƙa'ida ne. Ina ga wanda ya watsar da ƙugiya? Nan ne gajeren rubutu yake komawa wuƙa. Wata baiwar Allah ta rubuta ra'ayinta a kan wani batu, ga hotonta a jiki, sai wani da bai yarda da ita ba ya rubuta mata kalma biyu: “Karya ce.” Mun san abin da yake nufi, yawancinmu. Amma ku sake kallon abin da ya rubuta. Da ƙ da k ba ado ne ya raba su ba, baƙaƙe biyu ne daban kamar yadda b da m suke daban. Ita ƙarya sunan mace ne a nahawu, ita ma karya haka, duka “ce” suke ɗauka, saboda haka dirka ba za ta cece shi ba. Da ya rubuta “wannan maganar karya ce, ga abin da ya faru”, da ko babu ƙugiya maƙwabta sun wanke shi. Da ya taƙaita kuma ya yar da ƙugiya, sai ya bar wa mai karatu zaɓi, kuma a lokacin faɗa mai karatu ba ya zaɓar kyakkyawar fassara.

Yar da ƙugiya yana da tarihi, ba lalaci ne kawai ba. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, madannan wayoyin ba su san da ɓ da ɗ da ƙ ba. Saƙon tes ɗaya harafi 160 ne, in ka wuce a caje ka kuɗin biyu. Ko bayan da aka samu wayoyin da za su iya rubuta su, akwai wani tarko: da zarar ka saka harafi ɗaya mai ƙugiya, tsarin saƙon yana sauyawa, iyakarsa ta faɗo daga 160 zuwa 70. Wato bin ƙa'ida kuɗi yake ci. A wannan makarantar aka yaye “slm” da “ykk” da “lfy” da “ngd” da “gsky”. Sai Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta zo a 2006 da iyakar harafi 140, ba ta ninka shi zuwa 280 ba sai a 2017. Duk wanda ya koyi rubutun waya a waɗannan shekarun ya koyi cewa harafi kuɗi ne.

To amma yau wa yake cajin ka? A Facebook rubutu ɗaya yana ɗaukar harafi sama da 60,000. WhatsApp ba ya ƙirga maka wasali. Madannin Hausa yana nan a Gboard, saka shi ba ya cin minti biyu. Uzurin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Har gara masu rubuta “qarya” da “qasa”. Ba ƙa'ida ba ce, ba na koyar da ita, kuma duk ɗalibin da ya kai ta ɗakin jarrabawa ya kuka da kansa. Amma aƙalla mai yin haka ya nuna kunnensa yana jin bambancin. Masu “xan xo” ne na kasa gane musu, don z tana nan a kan madanni ba ta je ko'ina ba.

Sai kuma haɗe kalmomi, wanda shi ma ɗan gidan gaggawa ne. “Zaki zo?” Na dawa ake tambaya ko yarinya? “Suma sun yi yawa.” Gashi ne ko mutane? Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne “bashi ne”. Mutum yana son ya ce “ba shi ne ba”, sai ya haɗe na farko ya yanke “ba” ta ƙarshe don sauri. Korewa a irin wannan jimla ƙafa biyu gare ta, “ba” a gaba “ba” a baya. In ka sare ɗaya, ka kuma manne ɗayar a jikin wakilin suna, ka tashi daga wanke mutum ka koma maganar rance. A cikin dogon bayani mai karatu zai yi tuntuɓe ya miƙe ya ci gaba. A cikin jimla ɗaya tilo babu abin da zai dafa.

Akwai kuma wasu 'yan ƙananan kalmomi da masu taƙaitawa suka fi raina wa, su ne farkon waɗanda ake jefarwa: dai, fa, kam, ma, kuwa, ai, mana. Ana ganin kamar ba su da aiki tunda jimla tana tsayawa ba tare da su ba. Ni kuwa a wurina su ne fuskar jimla. Ku gwada waɗannan:

Ba haka ba ne.
Ba haka ba ne fa.
Ai ba haka ba ne.
Ni dai a ganina ba haka ba ne.

Ta farko hukunci ce, an buga guduma. Ta biyu jan kunne ce. Ta uku tunatarwa ce, kamar ana cewa kai ma ka sani. Ta huɗu ta bar ƙofa a buɗe, mai ita yana jiran a ba shi amsa. A zaure, in dattijo ya ce “ba haka ba ne”, kana ganin murmushinsa, kana jin yadda ya sassauta murya, wataƙila ma ya dafa kafaɗarka. A waya babu ko ɗaya. Waɗannan 'yan kalmomin su kaɗai suka rage da za su yi aikin murmushi, mu kuma su muke fara yankewa, sannan mu dawo muna mamakin yadda muhawara a kan harafi ɗaya take ƙarewa da zagin iyaye. Ko shi mai cewa “a taƙaita mana” ai bai yar da “mana” ɗinsa ba, don ya san in ya cire ta ya zama mai ba da oda.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai Hausa harshen dunƙule magana ne, dubi karin magana, kalma biyar ta ɗauke abin da shafi ba zai ɗauka ba. Gaskiya ne, kuma ni ma ina jin daɗin amsar da ta zo a dunƙule ta faɗa daidai gurbinta. Amma me ya sa karin magana take aiki? In an ce “da ɗan gari akan ci gari”, ba wanda yake tunanin garin tuwo, don duk mun taɓa jin ta a baki tun muna yara. Gajarta ce da aka riga aka biya kuɗinta, dogon bayanin yana cikin kan mai sauraro. Kai kuwa sabon ra'ayinka a kan wani batu ba wanda ya taɓa jin sa. In ka dunƙule shi kamar karin magana, kai kaɗai ka san abin da ke cikin ƙunshin. Ga shi kuma masu karanta ka ba 'yan unguwarku ba ne kawai. Akwai na Damagaram, akwai na zangon Kumasi, akwai wanda a makaranta ya koyi Hausar. Abin da kake ganin kowa ya sani, wataƙila rabinsu ba su sani ba.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin gajerun amsoshin da ake yabo ba dunƙulalliyar hikima ba ce. “Shirme.” “Jahilci.” “Koma makaranta.” Wannan yanke hukunci ne ba tare da an zauna shari'a ba. Yana da arha, ba ya bukatar karatu, kuma ba a iya kama mai shi da kuskure tunda bai faɗi komai ba. Wanda ya yi dogon bayani ya shimfiɗa kayansa a kasuwa, kowa yana iya ɗagawa ya ga inda ya yage. Mai kalma ɗaya ya zo kasuwar hannu rabbana yana kushe kayan mutane.

A fagenmu na harshe abin ya fi fitowa fili, don tambayoyin iri biyu ne. In ɗalibi ya ce, “motata” ake rubutawa ko “mota ta”, amsar kalma ɗaya ce, a haɗe ake rubutawa. Wanda ya mayar da wannan lacca ya ɓata wa yaro lokaci. Amma in ya ce, na ji wani ya ce “riga ne”, na ji wani ya ce “ruwa na” a maimakon “ruwa ne”, na ji “wanga” a maimakon “wannan”, shin kuskure ne? Duk wanda ya amsa da “kuskure ne” ya tafi, ya koyar da rabin gaskiya. Dole a yi bayanin cewa akwai daidaitacciyar Hausa ta rubutu da jarrabawa, akwai kuma karin harshe. “Na” da “ta” a matsayin dirka, da “wanga”, Hausar yamma ce lafiyayya, ta Sakkwato da maƙwabtanta. Rashin bambanta jinsi kuma sananne ne a bakin Hausawa da yawa na kudanci da na Gana. A takardar jarrabawa za a soke su, a bakin mai su kuwa ba kuskure ba ne. Wannan amsar ba ta shiga layi ɗaya. In aka matse ta sai ta shiga, abin da zai fito shi ne yaro ya tafi yana ganin kakarsa ba ta iya Hausa ba.

To, yanzu masu dogon rubutu, ku matso.

Ba a banza mutane suka gaji da ku ba. Ga irin buɗewar da nake nufi, na san kowa ya taɓa cin karo da 'yar uwarta: “Kamar yadda kowa ya sani, wanda a gaskiyar magana idan muka duba da kyau za mu ga cewa lallai wannan batu batu ne wanda yake da matuƙar muhimmanci wanda ya kamata a ce an dube shi da idon basira.” Kalma kusan 40, kuma har yanzu ba a ce komai ba. In kowa ya sani, me ya kawo ka? “Wanda” ta farko ba ta da abin da take komawa gare shi, an dasa ta ne kawai don a ja numfashi. Ita wannan “wanda” ta zama ciwo. Ana saka ta a gurbin “wadda”, ana saka ta a gurbin “waɗanda”, ana saka ta a gurbin aya. Ga “ya ce cewa”, ga “a yayin da” sau uku a jimla ɗaya, ga “ba tare da ɓata lokaci ba” daga bakin wanda ya riga ya ɓata shi.

Sai gaisuwa. Gaisuwa tarbiyyarmu ce, ni ma da ita na buɗe. Amma layi ɗaya ya isa. Facebook yana nuna 'yan layukan farko ne ya ɓoye sauran sai an latsa. In ka cinye waɗannan layukan da jinjina ga shugabannin zaure da fatan an tashi lafiya da neman afuwar wanda za a ɓata wa, to ka sayar da gaban shagonka. Mai karatu bai ga kaya ba, don me zai shigo?

Mafi muni shi ne rubutun da ba shi da aya ba shi da sakin layi, tun daga sama har ƙasa kamar katangar gidan yari. Duk abin da na faɗa a baya cewa maƙwabta suna ba da shaidar kalma, a nan ya rushe, don ba a san wace kalma ce maƙwabciyar wace ba. “Ya ce ba zai zo ba shi da lafiya” ina aka tsaya? Aya ɗaya da “ba” ɗaya da suka ɓace sun sa sai ka karanta sau biyu. Akwai kuma tsawon da na ke kira na mugunta, inda mutum zai jibgo maganganu goma a lokaci ɗaya don ya san abokin muhawararsa ba zai iya bin su duka ba. In an amsa ɗaya ya ce an gudu daga tara. Da mai wannan da mai cewa “shirme” duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kowannensu ba ya son a kama shi.

Ba na mantawa da masu yanka magana gunduwa-gunduwa, saƙo goma sha biyu kowanne kalma uku, waya tana ta ƙara kamar ana rabon zakka. Kafin su kai ƙarshen tunaninsu mutum huɗu sun shiga tsakani, an amsa rabin farko ba a ga rabin ƙarshe ba.

Wanda yake son ya ga tsawon da ba ya gajiyarwa ya koma ya buɗe Magana Jari Ce. Abubakar Imam yana da jimloli masu tsawo sosai, amma ku lura da abin da ya tsawaita su: aikatau ne. Wani ya tashi, ya je, ya tarar, ya ce, sai kaza ya faru. Kowane yanki yana tura labari gaba taki ɗaya. Ba ka jin nauyin tafiyar don ba a tsaye kake ba. Mutumin nan kuma shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, ya san darajar fili a takarda. Tsawon da aikatau da hujja da misali suka kawo daban, tsawon da “wanda” da “a gaskiyar magana” suka kawo daban, ko da ƙirgen kalmominsu ya zo ɗaya.

Ni abin da nake yi kafin in tura rubutu, ina karanta shi kamar wanda yake jin haushina ne zai karanta. In na ga jimlar da zai iya murɗawa, kamar “ka biya” ko “ka yi ƙoƙari”, sai in ƙara mata kalma ɗaya ko biyu da za su toshe masa hanya. In na ga jimlar da zan cire ba tare da wani abu ya ɓace ba, sai in cire ta. Abin mamaki, sau da yawa aikin biyu a rubutu ɗaya nake yin su, kuma ƙarin yakan faɗa a kan gajerun jimloli, ragin kuma a kan dogaye. Ba kullum nake dacewa ba. Wannan rubutun ma na san akwai wanda tun a sakin layi na uku ya sauka, yana can yana shirin rubuta mini abin da na sa a take.

Wasu sun ce sun huta da duk wannan, sun koma saƙon murya. Lallai murya tana dawo da karin sauti da tsawon wasali da murmushin da rubutu ya cinye, ba wanda zai ji “ƙarya” ya ɗauka “karya”. Sai dai ba a sauraron ta a aji ko a cikin hayaniyar kasuwa, ba a iya ɗauko jimla ɗaya daga cikinta a ce ga inda ban yarda ba, kuma in ka neme ta bayan wata guda sai ka buɗe ashirin kafin ka dace. Ma'ajin namu tun daga rikicin nan ya yi rantsuwa ba zai ƙara rubuta wa kowa komai ba, sai murya. Na ƙarshe da ya turo minti shida ne da 'yan daƙiƙoƙi, a kan naira dubu biyu, kuma sai da mutum uku suka tambaye shi nawa ya ce a kawo.